Filin Allura da Zare: Ku Tambayi Anti

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sanyi. Hunturu ya kankama a nan Gusau, yatsu har tsagewa suke in an riƙe allura da safe. Saƙonni sun taru da yawa a wannan watan, na zaɓi guda shida, sauran ku yi min haƙuri suna nan a ajiye ban share ko ɗaya ba.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni amarya ce, wata huɗu da tarewa, kujerun ɗakina filon da anka kawo da su duk sun yi dauɗa kuma ba a cire rigarsu, ga tagogi biyu ba labule sai zani nika ratayawa. Ina da atamfofi na gida da na daina ɗaurawa, ko za su yi? Ban iya sa zip ba. Daga Kaura Namoda.

Amsa: Allah Ya ba da zaman lafiya amarya. Za su yi mana, kuma ki manta da maganar zip, rigar filo mafi sauƙi ba ta buƙatarsa. Kinga turmin atamfa yadi 6 ne, yadi ɗaya inci 36, faɗinta kuma kusan inci 45, to wannan faɗin shi zai yi miki aiki. In filonki inci 18 ne ta kowane ɓangare, ki yanko ƙyalle mai inci 19 a tsaye ki bar faɗin atamfar yadda yake, wato kin samu dogon falle 19 da kusan 44 ke nan. Ki kalmashe gajerun bakunan nan biyu, ninki biyu rabin inci rabin inci, rubutun kamfani da ke bakin atamfar ya ɓuya a ciki. Sai ki shimfiɗa fuskar mai kyau tana kallonki, ki naɗo gefen dama ki naɗo na hagu su hau kan juna har tsawon ya dawo inci 18 cif, za ki ga sun haɗe da kamar inci 6, ki ɗinke sama ki ɗinke ƙasa, ki juyo da shi. Shikenan, ta wannan bakin da ya haɗe za ki riƙa cusa filo kina zarewa ranar wanki. Zani ɗaya mai yadi 2 zai ba ki riga uku har da ragowa, kar ki yar da ragowar, ki karanta amsar da na ba ta Tudun Wada a ƙasa.

Labule kuma kuskuren da kowa ke yi shi ne a yanka daidai faɗin taga, sai ya fito a miƙe kamar an manna takarda. Ki auna faɗin tagar ki ninka sau ɗaya da rabi, in da hali sau biyu, taga mai inci 48 falle biyu na faɗin atamfa ya isheta. A tsawo ki ƙara inci 8, na gidan sanda a sama da kalmasa a ƙasa. Abu ɗaya dai, ranar ƙasarmu ba ta raga wa launi, in tagar na kallon yamma ki yi mata shafi da farin yadi mai araha ko akoko ta baya, in ba haka ba kafin damina labulen ya koɗe.

Tambaya: Anti dan Allah keken mahaifiyata na gada, baƙin nan Butterfly na ƙafa, in ina ɗinki sai ya riƙa tsallake yana tsinke zare, ta ƙasa kuma zaren ya cukurkuɗe. An ce in saida in sayi na wuta. Daga Jega.

Amsa: Haba ƙanwata, kar ki soma. Wutar da muke gani sau nawa a sati? Wannan baƙin keken ƙarfe ne zalla, in kin kula da shi ɗiyarki ma sai ta ɗinka da shi. Fara da allura, don yawancin tsallake daga nan yake, ko ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe ko an sa ta a juye. Allurar keke tana da gefe ɗaya shafaffe a sama, a irin naki shafaffen yana kallon dama ne wajen tayar hannu, ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure, zare kuma daga hagu zuwa dama ake zura shi. Lamba 14 ta atamfa ce, 16 ta jins da yadi mai kauri, 11 ta mayafi da shara-sharan yadi, yadin hijabi mai talewa kuwa akwai allurarsa daban mai ɗan dunƙulallen baki, ki tambaya wurin masu kayan keke.

Cukurkuɗewar ƙasa kuma mutane na ɗauka laifin kwarkwaro ne, alhali galibi zaren sama ne ya yi sako-sako. Ki zare shi gaba ɗaya, ki ɗaga ƙafar keken sama, ki sake bin hanyarsa daga farko ki tabbata ya shige tsakanin fayafayan nan biyu masu matse zare. Sannan ki buɗe farantin da ke ƙarƙashin allura, wallahi za ki sha mamakin ƙura da burbushin zaren da za ki tarar, balle yanzu da iskar hunturu, ki sa tsohon buroshin haƙori ki share tas, ki ɗiga man keke ɗigo ɗaya a kowane rami. Man keke na ce, ba man gyaɗa ba, ba manja ba, waɗannan daskarewa suke su zama danƙo. Ki ɗinka a kan tsumma tukuna man ya fita. In kin yi duk wannan da sabuwar allura yana nan yana tsallake, to saitinsa ne ya goce, wannan aikin mai gyara ne ki kai masa kan keken.

Tambaya: Anti ni tela ce ƙarama a cikin gida, guntayen ƙyalle sun cika min buhu biyu, maigida na faɗan in ƙone su wai suna tara sauro da ɓeraye. Me zan yi da su? Daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Ki ba maigida haƙuri ki ce ya ba ki wata ɗaya. Gaskiyarsa ne a maganar ɓera, amma ƙonawa kam a'a, tambayarki ma ita ta fi taɓa ni a duk saƙonnin nan.

Innarmu Allah Ya jiƙanta tana da wata tsohuwar kwalla da murfinta ya lotsa, a ƙarƙashin gado take ajiyeta, duk ƙyallen da ya kai faɗin tafin hannu nan yake shiga. In an gama aikin gona sanyi ya shigo sai ta jawo ta bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar, ta tsinke zare da haƙori, ta lashi bakinsa ta miƙo min in zura mata don idonta ya fara rauni. Bargon da muka rufa da shi muna yara daga kwallar nan ya fito, ina iya nuna miki wannan ɗankwalin Gwaggo ne, wancan rigar sallar yayata ce. A lokacin masaƙar Gusau na aiki, auduga ko'ina a ƙasar nan, tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasarta daga Kaura ana san mu da ita, amma duk da haka ban taɓa ganin Inna ta jefar da ƙyalle ba. Yanzu da masaƙar ta rufe, atamfa ta zama sai an yi adashi, mu ne kuma muke cinna wa guntayenta wuta, abin na damuna ƙwarai.

To ga yadda za ki yi. Ki zazzage buhunan a tsakar gida ki ware, atamfa da atamfa, shadda daban, leshi da masu santsi da masu talewa ki cire su gefe don ba sa zama lafiya da auduga, ɗaya ya ja ɗaya ya saki. Ki wanke su kafin komai. Wannan wankin ba tsafta kawai ba ce, sabon yadin auduga yana ɗan tsukewa a wankin farko, in kin haɗa wankakke da sabo ranar da kika wanke bargon sai ya tattare. Mai zuba kuma nan za ki gane shi, ki jiƙa farin tsumma ki goga a kai, in ya ɗauko launi ki fitar da shi daga layi, don ja ɗaya mai zuba sai ya lalata miki aikin sati uku. Na san ana cewa a jiƙa da gishiri, ni dai na gwada ba sau ɗaya ba, mai zuba bai fasa zuba ba.

Bayan sun bushe ki goge su, ko da dutsen gawayi ne. Sai ki samu kwali mai ƙarfi ki yanka murabba'i inci 6 da 6, shi ne ma'auninki, ki ɗora a bayan kowane ƙyalle ki zagaye da alli, in babu alli ragowar sabulun wanka da ya siraɗe ya bushe ya fi alli ma fitar da layi. Ki riƙa daidaita gefen kwalin da yadda zaren saƙar ya miƙe, kar ki yanka a karkace don wanda aka yanka a karkace talewa yake. In kina cin rabin inci a kowane ɗinki, kowane gida zai dawo inci 5, kinga gida 8 a jere sau layi 8, guda 64 ke nan, zai ba ki bargon jariri inci 40 da 40. Da shi za ki fara, kar ki ce na gado za ki yi tashin farko, gajiya za ki yi ki watsar.

Kafin ki hau keke ki jera su duka a kan tabarma ki miƙe tsaye ki kalla daga nesa, mai duhu kusa da mai haske, kar jajaye su taru a lungu ɗaya. Nan ne daɗin aikin yake wallahi, ni sai in yi awa ina ɗauke wannan ina mayar da wancan, yara na tayani. Ki haɗa layi-layi, duk layin da kika gama ki kwantar da ɗinkin da dutsen guga, layi na farko ya kwanta dama na biyu hagu, haka kusurwoyin za su haɗu ba tudu. Gugar nan ita ce bambancin aikin da za a ce kai wa ya yi wannan da wanda za a ce sannu da ƙoƙari, masu gaggawa ita suke tsallakewa.

Bayansa ki sa tsohon zani mai laushi, tsakiya kuma tsohon zanen gado ko siririn bargo da ya gaji. Ki kama su ukun da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa baki don kar su zame, sannan ki bi layukan da keke, ki naɗe bakin da dogon ƙyalle launi ɗaya. Ƙananan da ba su kai inci 6 ba ki haɗa su ki yi abin kama tukunya da tsohon tawul a ciki, wanda ya zama ɗan firit kuma ki daddatsa ki cusa a tum-tum ko filon zama. Ki kai bargo ɗaya gidan suna a matsayin gudummawa ki ga yadda mata za su tambayi wadda ta ɗinka.

Tambaya: Salam Anti, ni namiji ne ɗalibi a jami'ar Aliero, wandona ya yage a tsakiya kuma maɓallan riguna na yawan fita, abokai na min dariya in na ɗauki allura.

Amsa: Ɗana ka bar su su yi ta yi. Ka shiga kasuwar Birnin Kebbi ka ƙirga telolin, maza ne ko mata suka fi yawa? Masu aikin babbar riga fa? Ka juya wandon ciki waje, ka ninka zare biyu, ka fara daga inci ɗaya kafin inda ya yage ka wuce shi da inci ɗaya, kana soka allura kana komawa baya rabin taki, ka bi sau biyu. Maɓalli kuma ka sa tsinken ashana tsakaninsa da rigar kana ɗinkawa, in ka gama ka zare tsinken ka naɗe zaren a ƙarƙashi sau huɗu ko biyar ka ƙulle, zai daɗe bai fita ba.

Tambaya: Anti mu nan shinkafa muke nomawa, buhuna sun yi muna yawa, na ga wata da jakar cefane ta buhu, ya ake yi? Daga Argungu.

Amsa: Mutanen Kabi manyan manoma, a gaishe ku. Ki zaɓi buhun da bai sha rana ba, don rana na cinye shi ya riƙa marmashewa, ki wanke ki shanya a inuwa. Ki yanke tsawon da kike so daga gindin buhun, kinga ɗinkin ƙasa yana nan ba sai kin sake ba. Bakin da kika yanka warwarewa yake nan take, sai ki ɗan gifta shi ta gefen wutar kyandir da sauri a waje inda iska take, ko ki ninka sau biyu ki ɗinke da manyan taki, ƙananan taki yanka buhu suke. Hannun jakar kar ki liƙa shi a baki kawai, ki sauko da shi inci 4 ki ɗinka akwati da gicciye a ciki, a nan jaka ke fara mutuwa. In da basilla da zare mai kauri ko keke ba kya buƙata, in kuma kina son ta kwalliya ki lulluɓe ta da atamfa ta waje. Amma don girman Allah buhun taki da wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na feshi kar a yi jakar abinci da shi, ko an wanke.

Tambaya: Anti maƙwabciyata ce ta ce in rubuto mata don ba ta da waya. Sun baro ƙauyensu saboda rashin tsaro, suna zaune nan Gusau a wani kango da ɗiya huɗu, mijin ya rasu. Ta ce ba ta son bara, ta iya ɗinkin hannu kaɗan amma ba ta da keke ba ta da jari. Mi za ta iya yi?

Amsa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan mijinta, Ya raya mata marayun nan, ke kuma Allah Ya saka miki da kika tsaya mata. Na karanta saƙon nan sau uku kafin na iya amsawa. Ki gaya mata Anti ta ce abin da ta iya ɗin nan ba kaɗan ba ne, kuma kayan farawa ba su wuce allura da zare baƙi da fari da almakashi da ƴar roba ba. Ƙyalle kuma kar ta saya, ki raka ta shagunan teloli na unguwa ko na tsohuwar kasuwa ku yi sallama ku faɗi gaskiyar halin da ake ciki, da yawansu sharewa suke su zubar da yamma, ba za a rasa mai cewa ku zo ku kwasa ba. Ke ma ta Tudun Wada da kike da buhu biyu, kin ji dai.

Ta fara da abin da ake gamawa a zama ɗaya a sayar a ranar. Ribon ɗaure gashi na yara, ƙyalle inci 18 da 4, a ninka a tsawo a ɗinke a juyo, a zura roba inci 8 da fil a ƙulle a rufe bakin, in hannu ya saba ba ya cin lokaci, kuma gidan biki da ƙofar Islamiyya ana saye. Sai jakar Islamiyya ita kanta, falle mai inci 14 da 30 a ninka biyu a ɗinke gefuna, a sa mata dogon hannu na ratayawa, in ƙyallen bai kai ba a haɗa guntaye, yara ma sun fi son mai kala-kala. Ɗinkin da za ta riƙa yi shi ne mai komawa baya ɗin nan da na gaya wa ɗalibin Aliero, ƙanana a jere, in an yi shi da kyau ƙarfinsa bai da nisa da na keke. In ta goga zaren a jikin kyandir kafin ta fara zai rage ƙullewa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba amma mu mata mun san tsadarsa, wato ƙunzugu. Yadin auduga mai laushi sama da ƙasa, tsohon tawul mai tsabta ninki biyu a tsakiya, da ƴan fukafukai da maɓalli. Wannan kam ba da guntayen da aka share daga ƙasa kai tsaye ba, sai an wanke da sabulu an shanya a rana sosai an goge, kuma duk wadda ta saya a gaya mata haka za ta riƙa yi, kar a ɓoye shi a lungu ya bushe da danshi. Ko ba ta sayar ba, ita da ƴan matanta sun huta da saye duk wata.

Sannan ta sanar a maƙwabta tana karɓar faci da sa maɓalli da rage tsawon siket da sake robar wandon yara, irin ƙananan aikin da manyan teloli ke ƙi musamman gab da sallah. Kuɗin da ya shigo ko yaya yake ta raba, na abinci daban na zare daban, kar a cinye uwar kuɗin, in ta ɗan tsaya da ƙafarta ta shiga adashi da matan da kika yarda da su, tsohon keken hannu na nan ana samu a kasuwa.

Ki sake turo min saƙo ta lambar mujalla ki faɗi unguwar da kuke. Ina da almakashi guda da ba na amfani da shi da ledar guntaye na kaina, ranar Asabar bayan azahar ina gida, ku zo tare in nuna mata yankan jakar da hannuna.